Tsakanin Sunan Runduna da Aikinta: Nazarin Harin Ƙunar Baƙin Wake na Bairut a 1983

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi harin da aka kai wa sojojin Amurka da na Faransa a birnin Bairut ranar 23 ga Oktoba, 1983, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar Labanan. Manufarta ita ce nuna yadda rundunar da ta shiga ƙasar da sunan kiyaye zaman lafiya ta ci gaba da riƙe sunan bayan aikinta ya sauya, da yadda riƙon sunan ya shafi hatta bindigar da ke hannun sojan gadi. Daga nan maƙalar ta waiwayi kalmomin da Hausa ke ba da irin wannan labari da su, wato ƙunar baƙin wake da ta'addanci da kiyaye zaman lafiya, domin gano hukuncin da kowaccensu ke ɗauke da shi.

1.0 Gabatarwa

Mai sauraron labarai da Hausa a yau ba ya buƙatar a yi masa bayanin ƙunar baƙin wake. Tun daga harin hedikwatar 'yan sanda da ke Abuja a watan Yuni 2011, da na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Agusta na shekarar, kalmar ta zama ta yau da kullum a bakin yaro da babba. Sai dai salon harin ya girmi wannan zamani, kuma masana tarihin yaƙi kan mayar da bunƙasarsa zuwa ƙasar Labanan a farkon shekarun 1980. A can ne aka ga mutum ɗaya da mota ɗaya sun yi ɓarnar da ta sa manyan ƙasashe suka sake shawara. Saboda haka duk mai son fahimtar abin da kalmar ke nuni gare shi a harshen jarida, ya dace ya san abin da ya faru a Bairut.

Nazarin ya dogara ne a kan abubuwan da suka tabbata a tarihin yaƙin, da rahoton kwamitin bincike na ma'aikatar tsaron Amurka wanda Admiral Robert Long ya shugabanta, da kuma hukuncin da wata kotun tarayya a Washinton ta yanke a 2003. An fara da labarin, sa'annan aka zo ga kalmomi, domin auna kalma ba ya yiwuwa sai an san abin da ake aunawa da ita.

2.0 Labanan Kafin Zuwan Rundunar

An gina mulkin Labanan a kan rabon muƙamai tsakanin ɗariƙu. Yarjejeniyar 1943, wadda ba a rubuce take ba, ta ba Kiristoci Maroniyawa shugabancin ƙasa, ta ba 'yan Sunni firayim minista, ta ba 'yan Shi'a shugabancin majalisa, kujerun majalisar kuma aka raba su shida ga Kirista, biyar ga Musulmi. Ma'aunin rabon shi ne ƙidayar 1932, wadda ba a sake yin wata a hukumance bayanta ba. Da yawan jama'a ya sauya, rabon kuma ya tsaya cik, sai ƙorafi ya taru. A kan wannan ne aka ɗora zaman mayaƙan Falasɗinawa, waɗanda suka mayar da ƙasar sansaninsu bayan an kore su daga Jodan a 1970 da 1971. Yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 1975. Siriya ta shigo da sojojinta a 1976, Isra'ila ta kutsa kudancin ƙasar a 1978.

Kutsen 1978 ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa rundunarta ta kudancin Labanan, wadda Nijeriya ta ba da sojoji a cikinta daga 1978 zuwa 1983, Gana kuma ta daɗe tana bayarwa. Ya kamata a bambanta wannan runduna da wadda ake magana a kanta a nan, domin ana yawan gwama su. Wadda aka kai wa hari a Bairut ba ta Majalisar ba ce. Rundunar haɗin gwiwa ce ta Amurka da Faransa da Italiya, Birtaniya ta biyo baya da sojoji kimanin 100 a farkon 1983. Kowace ƙasa tana karɓar umarni daga babban birninta, babu kwamanda ɗaya a kansu, kuma gwamnatin Labanan ce ta gayyace su.

Zuwansu na farko gajere ne. Isra'ila ta mamaye Labanan a ranar 6 ga Yuni, 1982, ta yi wa yammacin Bairut ƙawanya. Jakadan Amurka Philip Habib ya ƙulla yarjejeniyar da ta ba Yasir Arafat da dubban mayaƙansa damar ficewa, tare da alkawarin cewa ba za a taɓa fararen hular Falasɗinawa da aka bari a sansanoni ba. Rundunar ta iso a watan Agusta, ta sa ido a kan ficewar, sojojin Amurka suka tafi a ranar 10 ga Satumba. Kwana huɗu bayan haka aka kashe zaɓaɓɓen shugaban ƙasa Bashir Jumayyil. Daga 16 zuwa 18 ga watan, mayaƙan Kirista na ɓangarensa suka shiga sansanonin Sabra da Shatila, waɗanda sojojin Isra'ila ke kewaye da su, suka yi kisan kiyashi. Ƙiyasin mamatan ya bambanta, daga ɗaruruwa zuwa sama da 3,000. Kunyar wannan alkawari da aka karya ce ta dawo da rundunar a ƙarshen watan Satumba, ba tare da an tsara mata aiki bayyananne ko ranar tafiya ba.

3.0 Yadda Mai Rabon Faɗa Ya Shiga Faɗa

Kalmar da takardun umarnin sojojin Amurka suka yi amfani da ita wajen bayyana aikinsu, ma'anarta a Hausa ita ce kasancewa a wuri. Wato su zauna a filin jirgin saman Bairut, a gan su, ganin nasu ya kwantar da hankalin jama'a ya kuma ƙarfafa gwamnati. Kwamitin Long ya gano daga baya cewa manyan hafsoshi a matakai daban-daban ba su yi wa wannan kalma fahimta ɗaya ba. Wani ya ɗauke ta a matsayin tsayawa tsakani, wani ya ɗauke ta a matsayin mara wa gwamnati baya. A ƙasar da ke zaune lafiya waɗannan biyu suna iya haɗuwa. A ƙasar da ake yaƙin basasa kuwa, gwamnati ɗaya ce daga cikin masu faɗan.

Wannan shi ne ƙashin bayan al'amarin. Amin Jumayyil, wanda ya gaji ɗan'uwansa, shugaban ƙasa ne a idon Washinton da Faris. A idon Duruzawan Walid Jumblat da 'yan Shi'ar unguwannin kudancin Bairut da ƙungiyoyin da ke tare da Siriya, ɗan jam'iyyar Kata'ib ne da ya hau mulki a ƙarƙashin inuwar tankokin Isra'ila. Don haka duk taimakon da aka yi masa, an yi wa ɓangare ne. Tun ƙarshen 1982 sojojin Amurka suka fara horar da sojojin gwamnati, ana kuma ba su makamai. A ranar 17 ga Mayu, 1983, Amurka ta jagoranci sa hannu a kan wata yarjejeniya tsakanin Labanan da Isra'ila, wadda Siriya da ƙawayenta suka yi fatali da ita. Wata guda kafin nan, ranar 18 ga Afrilu, wata mota maƙare da bam ta faɗa ofishin jakadancin Amurka a Bairut, mutum 63 suka mutu, 17 daga cikinsu Amurkawa. Gargaɗi ba ya wuce haka fitowa fili.

Abin da ya ƙarasa sauya matsayin rundunar ya faru ne a watan Satumba. Isra'ila ta janye daga duwatsun Shuf da ke kallon Bairut, Duruzawa da mayaƙan Kirista suka kaure da yaƙi a kan wurin da ta bari. Sojojin gwamnati suka ja daga a garin Suƙul Garb, wanda ke kan tudu bisa fadar shugaban ƙasa da filin jirgin sama. Da aka ce garin na gab da faɗuwa, wakilin Shugaba Reagan na musamman, Robert McFarlane, ya matsa a taimaka musu da wuta. Kanar Timothy Geraghty, kwamandan sojojin da ke ƙasa, ya nuna rashin amincewa, yana ganin yin hakan zai kawar da abin da ya rage na rashin ɗaukar ɓangare, kuma mutanensa ne ke zaune a kwari inda za a rama a kansu. A ranar 19 ga Satumba jiragen ruwan yaƙin Amurka suka yi luguden wuta a kan duwatsun domin tallafa wa sojojin gwamnati. Kafin wannan rana, in sun yi harbi, suna cewa kare kai ne. Wannan karon ba wanda ya harbe su. Kwana uku bayan haka jiragen saman Faransa su ma suka kai hari a duwatsun, bayan an yi ta harbin sansanoninsu.

Bahaushe ya san mai rabon faɗa kan sha duka, amma yana shan sa ne bisa kuskure, kuma jama'a na ba shi haƙuri. Wanda ya riƙe hannun ɗaya ya bar ɗayan yana duka, sunansa ya tashi daga mai rabo, ko da shi bai sani ba. Abin lura shi ne, sunan rundunar bai sauya ba a takarda. Majalisar dokokin Amurka ta amince a ƙarshen watan Satumba da su ƙara wata 18 a matsayinsu na da, ƙa'idojin buɗe wuta kuma suka zauna yadda aka rubuta su domin lokacin zaman lafiya.

Akwai wani zare na dabam da ya kamata a saƙa a nan. Bayan mamayar 1982, Iran ta tura dakarun juyin juya halinta zuwa Ba'alabak a kwarin Biƙa, da yardar Siriya, inda suka shiga horar da matasan Shi'a da suka ɓalle daga ƙungiyar Amal. Iran na yaƙi da Iraƙi a lokacin, Faransa kuwa na sayar wa Iraƙi makamai, har ta ba ta aron jiragen yaƙi biyar samfurin Super Étendard a watan Oktoba 1983. Ke nan sojan Faransa da ke gadi a Bairut yana ɗauke da alhakin wata siyasa da ake yi a Tekun Fasha, ko ya sani ko bai sani ba.

4.0 Safiyar Lahadi

Da misalin ƙarfe 6:22 na safiyar Lahadi, 23 ga Oktoba, wata babbar motar ɗaukar kaya ruwan ɗorawa, ƙirar Mercedes, ta shiga filin ajiye motoci da ke kudu da wani bene mai hawa huɗu a filin jirgin sama. Sojoji fiye da 300 ne ke kwana a benen, akasarinsu na rundunar Marin, waɗanda kafofin labaran Hausa kan kira sojojin ƙundumbala. Direban ya kewaya filin, ya ƙara wuta, ya tsinka waya mai ƙaya, ya wuce tsakanin wuraren gadi biyu, ya bi ta buɗaɗɗiyar ƙofa, ya take rumfar sajan mai gadi, ya tsaya a cikin zauren benen. Masu binciken hukumar FBI sun ƙiyasta ƙarfin fashewar da fiye da fam 12,000 na nakiyar TNT, wato sama da kilo 5,000. Benen ya ɗaga daga ginshiƙansa ya rufto. Sojoji 241 suka mutu: 220 na Marin, 18 na ruwa, 3 na ƙasa. Rundunar Marin ba ta yi asarar rayuka irin wannan a rana ɗaya ba tun yaƙin Iwo Jima a 1945.

'Yan mintoci kaɗan bayan haka, benen da ake kira Drakkar, inda sojojin laima na Faransa suke, shi ma ya rushe. Sojoji 58 suka mutu, tare da matar mai kula da ginin da 'ya'yanta, waɗanda ba kasafai ake ambatonsu ba. Bayanin hukuma shi ne mota ce ta shiga, ko da yake wasu daga cikin sojojin da suka tsira sun daɗe suna cewa ba su ga mota ba, suna zargin an dasa nakiyar ne a ginin tun kafin su tare.

A nan ne batun suna ya sauko daga takarda zuwa hannun soja. Masu gadin da motar ta wuce ta tsakaninsu suna riƙe da bindigogi, amma babu gidan harsashi a jiki, domin haka umarni ya tanada a waɗannan wurare, gudun kada a harbi farar hula bisa kuskure. Kafin mai gadi ya ɗura bindigarsa, motar ta shige. Bugu da ƙari, kwamitin Long ya gano cewa katin ƙa'idoji iri biyu ne ke hannun sojojin. Masu gadin ofishin jakadanci, bayan harin Afrilu, an ba su shuɗin kati wanda ya sassauta musu sharuɗɗan harbin motar da ta ƙi tsayawa. Na filin jirgin sama suna nan da farin kati na da. Runduna ɗaya, gari ɗaya, abokin gaba ɗaya, amma an ɗauka haɗarin ya tsaya ga jakadu. Rahoton ya kuma ce an sami gargaɗin bam na mota fiye da 100 tsakanin Mayu da Oktoba, yawan da ya sa gargaɗin ya zama kamar ruwan dare, ba a san wanda za a kama ba.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ke rage ƙarfin wannan hujja. Rahoton ya nuna cewa girman bam ɗin ya kai matsayin da ko da motar ta fashe a kan titi, kimanin mita 100 daga benen, da an yi asara mai yawa. Don haka ɗurarriyar bindiga ita kaɗai ba lalle ta hana mutuwa ba. Sai dai tara mutum fiye da 300 a gini ɗaya, da barin ƙofa a buɗe, da rashin katangar da za ta tsayar da mota, duk sun fito ne daga tunani ɗaya, cewa wanda ya zo a gan shi ba ya ɓuya a bayan ganuwa. Sojojin Italiya, waɗanda aka ba yankin sansanonin Falasɗinawa, suka buɗe asibiti ga jama'a, suka kuma nisanci faɗan duwatsu, soja ɗaya suka rasa a dukan zamansu. Ba za a ce wannan ne kaɗai dalili ba, tun da Italiya ba ta da nauyin da Amurka da Faransa ke da shi a siyasar yankin, amma bambancin ya isa a tsaya a kansa.

5.0 Masu Harin da Abin da Ya Biyo Baya

Wata ƙungiya mai suna Jihadul Islami ce ta yi iƙirarin kai harin ta wayar tarho. Amurka ta daɗe tana cewa wannan suna lulluɓi ne na mutanen da suka kafa Hizbullah, wadda ba ta bayyana manufofinta a fili ba sai a watan Fabrairu 1985, kuma ta ɗora alhakin tsarawa a kan Imad Mugniyya da goyon bayan Iran. Hizbullah da Iran sun musanta.

Shugaba Mitterrand ya isa Bairut washegari, mataimakin shugaban Amurka George Bush ya biyo baya, kowa na cewa ba za a janye ba. Faransa ta kai harin ramuwa ta sama a Ba'alabak a watan Nuwamba. Amma a ranar 6 ga Fabrairu, 1984, mayaƙan Amal da Duruzawa suka ƙwace yammacin Bairut, rundunar gwamnati ta dare bisa ɗariƙu. Washegari Reagan ya ba da sanarwar mayar da sojojinsa cikin jiragen ruwa, abin da aka kira sake matsuguni, aka kauce wa kalmar janyewa. Kafin ƙarshen Maris duk rundunar ta fice, gwamnatin Labanan kuma ta soke yarjejeniyar 17 ga Mayu. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: yaƙin ya ci gaba har zuwa 1990, bayan yarjejeniyar Ɗa'ifa ta 1989.

Darasin da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka ɗauka shi ne salon yana biya. Mayaƙan Tamil na Siri Lanka, waɗanda ba Musulmi ba ne, sun kai irinsa da babbar mota a 1987. A Labanan kanta, da yawa daga cikin hare-haren da aka kai wa sojojin Isra'ila a shekarun da suka biyo baya 'yan jam'iyyun kishin ƙasa da na gurguzu ne suka kai su, har da mata. A kan irin wannan ne Robert Pape ya gina ra'ayinsa a littafinsa na 2005, cewa zaman sojojin waje a ƙasa ya fi aƙida ƙarfi wajen haifar da wannan salo. Ra'ayin ya dace da Bairut. Bai dace da abin da aka gani a Maiduguri da Kano ba, inda babu sojan waje, kuma masallata da 'yan kasuwa aka fi kashewa.

6.0 Kalmomin da Hausa ke Ba da Labarin

6.1 Ƙunar baƙin wake

Ingilishi na kiran wannan hari da kalmar da ke nufin mutum ya halaka kansa. Larabci ya rabu biyu: masu suka na cewa intihariyya, daga kashe kai, masu goyon baya na cewa istishhadiyya, daga neman shahada. Duk wanda ya buɗe baki da Larabci, ya riga ya yanke hukunci, domin Musulunci ya haramta kashe kai, ya kuma ɗaukaka shahada. Hausa ba ta bi ko ɗaya ba. Dalili ɗaya na cikin ginin harshen: kisan kai a Hausa na nufin kashe wani mutum, don haka harin kisan kai ba zai bambanta wannan hari da sauran ba. Sai aka koma ga adon magana da ke nan tun da.

Ruwayar baka da aka fi ji game da asalin maganar tana cewa wani ɗan sarki ne ya addabi gari, yana hawan talakawa kamar dabbobi, ba mai iya tanka masa. Da ya hau wani mutum da ake kira Baƙin Wake, sai mutumin ya riƙe shi gam ya faɗa cikin wuta da shi, suka ƙone tare. Ruwayoyin sun sassaɓa a kan wuri da yanayi, amma sun haɗu a kan abu uku: mai ƙunar rarrauna ne, wanda ya ja cikin wutar azzalumi ne mai ƙarfi, kuma babu na uku da ya ƙone. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Bairut, za a ga cewa masu harin da magoya bayansu za su karɓi kalmar hannu bibbiyu, domin haka suke kallon kansu. Iyalan sojojin da aka kashe suna barci kuwa za su ce ba su hau kowa ba. Matar mai kula da ginin Drakkar da 'ya'yanta ba su da gurbi a cikin labarin ko kaɗan.

A ganin mai wannan maƙala, kalmar ta yi tafiya mai nisa daga asalinta. Bahaushen da ya ga abin da aka yi a tashoshin mota da masallatai ba ya jin wani tausayi ko yabo a cikinta, abin ƙyama kawai yake ji. Ma'anar ta ƙuntata zuwa bayanin salo, wato harin da mai kai shi ya san ba zai fita ba. Wannan ƙuntatawa ta amfani ɗan jarida, domin ta ba shi kalmar da ba ta ce shahidi ba, ba ta kuma ce ɗan wuta ba. Amma mai nazarin adabi ya san tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tana nan kwance a cikin tatsuniyar, kuma mai wa'azin da ke son halatta aikin zai iya tayar da ita.

6.2 Ta'addanci

Wannan ta fi wuya. Yawancin ma'anonin da masana shari'ar ƙasa da ƙasa ke bayarwa suna jingina ta'addanci ga kai wa fararen hula hari. Waɗanda aka kashe a Bairut sojoji ne cikin kaki, a ƙasar da ake yaƙi, wata guda bayan jiragen ruwansu sun yi harbi domin wani ɓangare. Shi kansa kwamitin Long, da ya kira abin ta'addanci, ya ƙara da cewa daidai yake da aikin yaƙi da wata ƙasa ta ɗauki nauyinsa. Kalmar Hausa kuwa, da yake daga ta'adda ta fito, ɓarna da ƙetare iyaka take nunawa, ba ta tambayar ko wanda aka yi wa soja ne ko farar hula. Mai fassara da ya sa ta a labarin Bairut bai yi ƙarya ba, amma ya rufe wata muhawara da ke buɗe a harshen da ya fassaro, mai sauraro kuma ba zai san an rufe ta ba.

6.3 Kiyaye zaman lafiya

Ana kiyaye abin da yake akwai ne. A Bairut ta 1983 babu zaman lafiyar da za a kiyaye, kuma Hausa na da kalmomin da suka fi kusa da matakan da rundunar ta bi: sa ido a watan Agusta 1982, shiga tsakani bayan Sabra da Shatila, mara baya daga lokacin da aka fara horar da sojojin gwamnati, taya faɗa daga 19 ga Satumba. Fassarar da ta tsaya a kan kalma ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ta bi sunan da rundunar ta ba kanta, ta bar aikin da ta yi.

Kada a ɗauka wannan gardamar malaman harshe ce kawai. A shari'ar da iyalan mamatan suka kai Iran, sai da alƙali Royce Lamberth ya fara warware ko sojojin mayaƙa ne ko a'a, domin dokar da ta ba da damar ƙarar ta shafi kisan gilla ne, ba mutuwar fagen fama ba. A hukuncinsa na 2003 ya ce aikin kiyaye zaman lafiya suke yi a ƙarƙashin ƙa'idojin lokacin zaman lafiya, ya kuma ɗora wa Iran alhaki, wadda ba ta halarci shari'ar ba. Ƙa'idojin nan da suka bar bindigar mai gadi babu harsashi, su ne suka zama hujjar iyalan a gaban kotu bayan shekara 20. A 2007 alƙalin ya yanke diyyar dala biliyan 2.65, a 2016 kuma kotun ƙolin Amurka ta amince a biya masu ƙara, su da wasu irinsu, daga kusan dala biliyan 2 na babban bankin Iran da aka riƙe a Niyok.

A kusa da barikin Lejeune da ke jihar Karolina ta Arewa akwai bangon tunawa da mamatan, an rubuta a jikinsa cewa da salama suka zo. A maƙabartar Bahashti Zahra da ke Tehran kuma, wata ƙungiya ta kafa dutsen tunawa da direbobin motocin a 2004, ta kira su shahidai. Ɗalibin fassara da aka ba rubutun duwatsun biyu ya mayar Hausa zai iya fassara kowanne daidai cikin minti ɗaya. Aikin da zai ɗauke shi lokaci shi ne jimlar da zai rubuta da bakinsa a tsakaninsu, inda dole ya zaɓi abin da zai kira sojojin da abin da zai kira direban.